Kafin A Shigo Da Sabuwar Shinkafa Fadama, A Tambayi Mai Saniya

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, na gida da na kan hanya, da waɗanda neman halali ya zaunar a nan Sabha da Murzuk da Gatrun. Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa, wani zai ji ta ya ce ina ruwan biri da gada, domin kuwa magana ce ta shinkafa, shinkafar ma irin wadda masana suka shiga cikin ƙwayar halittarta suka sauya, wadda ake ce wa GMO a gidajen rediyo. Gaskiya ne a nan Fazzan ba a noman shinkafa, a buhu take iso mana. Amma garkunan da muka baro gida, waɗanda da gumin nan ake sai musu dusa da kanwa, a fadamun Sakkwato da Kabi da Haɗeja da Gaya suke cin rani. Abin da ya taɓa hanci kuwa, ido sai ya yi ruwa.

Bari mu fara da inda aka kwana, don kada a ce muna harbin iska. A shekarar 2015 Nijeriya ta yi dokar da ta kafa hukumar NBMA, wadda ke ba da izinin gwaji da sakin irin da aka sauya wa halitta. A 2018 aka amince da auduga. A 2019 aka saki wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda furensa da kwansonsa. A farkon 2024 aka saki masarar TELA. To, jama'a, ku dubi waɗannan uku da idon mai dabba. Auduga ita ce angurya. Wake shi ne harawa da kowa. Masara ita ce kara da dusa. Ashe tun kafin a zo kan shinkafa, abin ya riga ya kama hanyar bakin saniya.

Ita shinkafa har yanzu ba a sake ta ga manoma ba. Wannan FARO 44 da ta cika fadamu, da sauran 'yan'uwanta, ba sa cikin wannan lissafi, ta hanyar barbarar tsirrai aka samo su yadda aka saba. Amma an yi gwajin sabuwar a cikin shinge a Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badegi kusa da Bida, haka kuma an yi a Gana da Uganda, ƙarƙashin wata gidauniya da ke Nairobi mai suna AATF. An ɗauko ƙwayar halitta daga sha'ir aka dasa wa shinkafar tudu, domin ta riƙa ba da amfani da ɗan takin zamani kaɗan. Abin da aka gwada a shinge yau kuwa, gobe a kasuwa za a gan shi. Haka aka yi da wake, haka aka yi da masara.

Tambayar da masana ke ta kai-kawo a kanta ita ce, shin irin wannan shinkafa tana cutar da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa? Wasu daga cikinmu za su ce waɗanne halittu kuma? To makiyayi ne ya fi kowa cancantar gane wannan magana, domin kullum da ita yake kwana yake tashi. Uwargida ta tatso madara ta zuba a ƙwarya, ta ɗiga mata ɗan tsohon nono, ta rufe. Gari na wayewa ta zama kindirmo. Wa ya yi aikin? Halittu ne da ido ba ya gani. Saniya ta ci busasshen kara wanda in ɗan Adam ya ci ba abin da zai tsinana masa, amma ita ta mai da shi nama da nono. Ba ita kaɗai ta yi ba, tumbinta cike yake da irin waɗannan halittu, su ke narka mata. Shi ya sa in ka sauya wa sa abinci farat ɗaya, ka ɗura masa hatsi bai saba ba, sai ciki ya kumbura, wani lokaci sai wuƙa. Ka rikita masa ma'aikatan tumbi ke nan.

To ita ma ƙasa tumbi gare ta. Masana sun ce a cikin cokalin shayi guda na ƙasa mai rai ana samun ƙwayoyin bakteriya ɗaruruwan miliyoyi, har su kai biliyan, ban da zaren fumfuna da ke nannaɗe saiwa yana jawo mata ruwa da abinci, ban da tana da gara da buzuzu waɗanda muke gani da ido. Su ke cinye kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye su mai da su abincin shuka. Wasunsu na zaune a 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake gani a saiwar wake da gyaɗa, suna kamo sinadari daga iska suna ajiye wa ƙasa. In suka mutu, ko suka yi ƙaranci, sai ka ga gona ta koma fako, ruwa ya zuba ya gangare, a zuba buhun yuriya a ga kamar an zuba a rariya.

Yanzu ga abin da bincike ya nuna, kuma za mu faɗe shi yadda yake ko da bai yi wa wasu daɗi ba. Mafi yawan binciken a kan shinkafar da ake kira Bt aka yi shi. Bt ɗin nan ita kanta ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa, an fara gano ta a Japan a 1901 tana kashe tsutsar siliki, tana da wani dafi da ke fasa hanjin tsutsa. Sai masana suka ciro ƙwayar halittar da ke yin dafin suka dasa wa shuka, yadda duk tsutsar da ta ci za ta mutu. Wannan dabara ce a cikin auduga da wake da masarar da muka ambata. A 1999 wani masani a Amurka mai suna Stotzky da abokan aikinsa suka nuna cewa saiwar masarar Bt tana tsattsafo da dafin a cikin ƙasa, kuma in ya manne wa yumɓu yakan daɗe watanni bai lalace ba. A 2004 suka nuna ita ma shinkafar Bt haka take yi. Amma su ɗin dai, da suka duba tana da bakteriya da fumfuna, ba su ga alamar dafin ya kashe su ba. A ƙasar Sin, inda aka fi ko'ina gwada wannan shinkafa, har gwamnati ta ba iri biyu takardar shaidar lafiya a 2009, an auna ƙasar da ke kewaye da saiwa, an auna wadda aka binne karan shinkafar a ciki. Galibin sakamakon shi ne, in ma an ga sauyi ɗan kaɗan ne kuma ba ya daɗewa, sauyin da yanayi da shekarun shuka da irin ƙasa ke kawowa ya fi shi girma.

Saboda haka masu yawo a kara da tasha suna cewa wannan iri yana hana shanu haihuwa, ko yana ƙone gona shekara bakwai ba ta tsiro, muna roƙonsu su kama bakinsu. Ba su taimake mu ba. Ranar da wakilinmu zai zauna gaban masu ilimi, in ya buɗe baki da irin wannan zance, dariya za a yi a rufe fayil, maganarmu ta gaskiya ta bi ruwa tare da ta ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mu kuwa doguwar tafiya ce a gabanmu.

Amma fa kada masu tallan iri su yi murna, domin ba mu gama ba. Cewa ba a ga ɓarna ba a gonar gwaji a Sin, a 'yan shekaru, a ƙasa mai laka da ruwa, ba ya nufin an amsa tambayar fadamar Rima ko ta Haɗeja, inda ƙasa ke bushewa ta tsage wata da watanni, rana ta gasa ta, sannan garke ya bi ta kai. Kuma ba za su ce mana sauya halittar shinkafa ba ya taɓa halittun ƙasa sam ba, domin su da kansu suka nuna yana taɓawa. A 2015 masana a Suwidin da Sin suka fito da wata shinkafa da suka dasa wa ƙwayar halittar sha'ir, wadda ke tura zaƙinta sama zuwa zangarniya ta rage wa saiwa. Sakamakon haka halittun da ke kewaye da saiwarta masu fitar da iskar gas ɗin nan da ke ɗumama duniya suka ragu ƙwarai. An yi ta yabon abin, mu ma ba mu kushe ba. Amma darasin a fili yake: ƙwayar halitta guda aka taɓa a sama, jama'ar da ke ƙarƙashin ƙasa ta sauya. Wanda ya iya yin haka da gangan, wata rana zai iya yi ba da gangan ba. Af, kuma a lura, ashe ba gyatsar saniya kaɗai ke fitar da wannan iska ba kamar yadda ake ta yi mana gori, gonar shinkafa mai kwance da ruwa ita ma tana fitarwa.

Sannan ku dubi abin da ya faru a Burkina Faso, maƙwabtanmu. A 2008 suka rungumi audugar Bt, tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, kowa na tafi. A 2016 suka watsar da ita. Me ya faru? Zaren audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka tafka asara. An gwada ta a kan tsutsa ta ci jarrabawa, amma abin da ke kawo kuɗi, wato tsawon zare, ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba tun farko. Gwaji tambayar da aka yi masa kaɗai yake amsawa. To mu tambayoyinmu wa zai yi su? Shinkafar Badegi an ce ta fi iya zuƙar sinadarin taki. Madalla. Amma iya zuƙa ba shi ne ƙirƙira ba, abin da ta zuƙa daga ƙasa ya fito, kuma in ba a mayar ba rumbu zai ƙare ko da a hankali ne. In ta tura abincin duka zuwa ƙwaya, me ya rage a kara, wanda shi ne rabon saniya? Yaya ɗanɗanonsa, yaya taurinsa, shanu na cinsa ko suna shinshinawa su wuce? In sun ci, kashinsu yana ruɓewa yadda ya saba? Waɗannan ba tambayoyin jahilci ba ne, kuma amsarsu ba ta fi ƙarfin Samaru ko Shika ba, inda ake da shanu da ma'auni da malamai.

Za a ce mana ai a cikin shinge ake gwaji, ba abin da zai fita. A Amurka ma haka aka ce. A 2006 aka tsinci wata shinkafar gwaji da ba a ba da izinin sayarwa ba ta gauraye da shinkafar kasuwa, Turai da Japan suka juya wa shinkafar Amurka baya, har a 2011 kamfanin Bayer ya amince ya biya manoma dala miliyan 750. A Sin an samu shinkafar Bt a gonakin manoma a lardin Hubei tun 2005, alhali ba a halatta nomanta ba. In haka ta faru a ƙasashen da ake lissafa kowane buhu, ina ga namu kasuwanni, inda iri ke tafiya a ƙullin zane daga Kamba zuwa Gaya ba mai tambaya, inda ambaliya ke kwashe zangarniya daga wannan gona ta ajiye a waccan? Shi iri in ya fita ba a yi masa kiranye.

Duk da haka, 'yan'uwa, in muka tsaya a nan mun bar jaki muna dukan taiki. Abin da ya fi ba mu haushi a wannan muhawara shi ne, ana ta tarurruka a otal-otal ana jimamin abin da shinkafar da ba ta zo ba za ta yi wa halittun ƙasa, alhali kuwa ana kashe halittun nan yau da rana tsaka, ba mai cewa uffan. Da me ake kashe su? Da korar saniya daga fadama.

A da, da an kwashe amfanin gona, manomi ne da kansa zai tako ruga ya nemi Ardo, ya ce a zo a sauka a gonarsa. Zai ba da damin gero ko dawa, wani har ya haƙa rijiya, don dai garke ya kwana masa 'yan makonni. Ba don son Fulani yake yi ba, ya san abin da zai samu. Masanan cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun auna wannan, sun tarar gonar da shanu suka kwana a ciki tana ba da gero fiye da wadda ba su kwana ba nesa ba kusa ba, kuma albarkar tana bin gonar har shekaru na gaba. Sun kuma tarar fitsarin ma da nasa aikin, gonar da ta sami kashi da fitsari ta fi wadda aka kwaso mata busasshen kashi kaɗai. Baturen nan Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙauyukan kewayen birnin Kano ke noma gona guda kowace shekara ba hutu ba tare da ta mutu ba, kuma babban sirrin da ya samu shi ne takin dabbobi da jakuna ke kaiwa a mangala. Saniya ta ci kara, ta mayar da taki, halittun ƙasa su ci, ƙasa ta ba da hatsi da wani karan. Wannan zagaye ne ya riƙe ƙasar Hausa shekaru aru-aru ba tare da buhun kamfa ko ɗaya ba.

Sai aka zo da madatsun ruwa. Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Challawa a 1992. A Bakolori manoman da suka nemi diyyar gonakinsu da harsashi aka amsa musu a watan Afrilu na 1980, su aƙalla tarihi ya rubuta su. Makiyayin da burgun da shanunsa ke ci ya bushe saboda ambaliya ta daina sauka fadamun ƙasa da madatsar, shi ko a lissafin masu asara bai shiga ba. A dausayin Haɗeja da Nguru ruwan da ke malala kowace shekara ya bar ciyawa ya ragu, inda kuma ya kwanta ba ya tafiya sai kacala ta cinye wurin, ciyawar da ba ta ƙosar da dabba sai toshe hanyar ruwa. Daga farkon shekarun 1990 Bankin Duniya ya kawo shirin Fadama, aka raba injinan ban-ruwa da bututu, duk inda saniya ke shan ruwa da rani ya zama gonar tumatir da albasa da shinkafa. Sai da rigima ta yi yawa sannan a zagaye na biyu na shirin aka tuna cewa akwai mai dabba a cikin masu amfani da fadama. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da bashin noman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, a 2019 aka rufe iyakoki, farashin shinkafa ya tashi, kowa ya zama manomi, daga ma'aikaci har ɗan siyasa. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja ana ɗaukar hoto. Ba mai tambayar burtali nawa da mashaya nawa ke ƙarƙashin waɗannan buhuna. Dokar gandun kiwo ta 1965 kuwa tana nan a takarda, gandayen da dama sun zama gonaki.

Ba mu ƙi a noma shinkafa ba, mu ma ita muke ci, 'ya'yanmu ma sun fi son ta da tuwon dawa. Abin da muke ƙi shi ne yadda ake nomanta yanzu. Ana girbe ta damina, kafin ƙasa ta numfasa an sake jiƙa ta don ta rani. Karan da ya kamata saniya ta ci, saboda gaggawa ko saboda ƙeta, sai a tara shi a cinna masa wuta, hayaƙi ya turnuke, ga shanu a bakin gona suna kallo da haƙarƙari a waje. Wutar nan ba abincin dabba kaɗai take ci ba, tana cin abincin halittun ƙasa, sinadarin da ke cikin karan ya bi iska. Sannan a bi da maganin ciyawa, a feshe gona, a feshe kunya, a feshe har gefen hanyar da dabba za ta bi. Makiyaya nawa suka wayi gari da mushe saboda dabba ta ci ciyawar da aka fesa jiya ba a sa wata alama ba? Sannan a watsa yuriya shekara da shekaru ba ko kwandon taki guda, ƙasa ta yi tsami, ta yi tauri, bana buhu biyu, baɗi sai uku. Inda ban-ruwa ya yi yawa ba magudana, sai gishiri ya taso ya yi fari a saman gona. Duk wannan ba GMO ya kawo shi ba. Amma in aka ɗora sabon iri a kan wannan hali, aka ce wa manomi ga shinkafar da ba ta bukatar taki da yawa, to an ƙara masa dalilin cewa ba ya bukatar makiyayi. Nan ne tsoronmu yake, ya fi tsoron dafin tsutsa.

Mu da ke zaune a Fazzan mun san kamannin ƙasar da ba ta da rai, domin a kanta muke tafiya. Shekara takan zagayo a Sabha ba a ga ruwan da zai jiƙa riga ba. Ruwan da ake noma da shi tsohon ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya dawowa, shi ne kuma ake ja daga rijiyoyin Dutsen Hasawna ta babban bututun nan da ya isa Tarabulus a 1996. Ku dubi gonakin da ke kewayen garin nan da na Wadil Hayat. Rairayi ne tsantsa, ruwa kaɗai ba ya sa shi haihuwa yadda ake so, sai an nemo takin tumaki da na kaji an zuba kafin ciyawar safsafa ko kayan lambu su yi kyau. Abin da ake korar mu saboda shi a gida, a nan da kuɗi ake nemansa. Kuma mun san nawa muke kashewa a kan damin safsafa da buhun sha'ir kafin rago ya yi kyan gani a kasuwa, don babu wani daji da za a sake shi ya ci kyauta. A Jarma, yamma da nan, akwai kufan mutanen da da suka haƙa magudanai a ƙarƙashin ƙasa suka noma alkama da inabi ɗaruruwan shekaru, yau sai kango da ramuka. Wanda bai taɓa ƙetare Agadas ba yana ganin fadama ba ta mutuwa.

Akwai kuma wani kashedi ga masu sayar da allura a kara da masu sayen ta. Allurar nan ta tsutsar ciki da kaska mai suna ivermectin tana aiki, ba musu, amma tana fita a kashin dabba da sauran ƙarfinta. Tun 1987 masana a Ingila suka nuna cewa kashin shanun da aka ba wannan magani yana kashe 'ya'yan ƙwarin da ke cin kashi, ya daɗe a fili bai ruɓe ba. Buzuzu shi ne ɗan dakon da ke kai taki cikin ƙasa. In za mu tsaya gaban hukuma mu ce saniya ce ke ciyar da ƙasa, to kada a bar yara suna tsira wa garke duka allura kowane wata ba tare da shawarar malamin dabbobi ba.

Dokar 2015 ta tanadi cewa kafin a ba da izinin irin wannan iri sai an buga sanarwa a jaridu an ba jama'a wa'adi su kawo ƙorafi. Tanadi ne mai kyau ga mai zama a ofis yana shan shayi da jaridar Turanci a hannu. Wanda ke bin shanu tsakanin Argungu da Yawuri fa, ta ina zai gani? Ga rediyo nan da Hausa da Fulfulde, shi ne jaridar makiyayi, a sanar a can. A 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a binciki yadda ake shigo da waɗannan iraruwa, an ji muryar masu kare muhalli, an ji ta malaman jami'a da 'yan kasuwar iri. Mu da dabbobinmu ke cinye kara da harawa da angurya da dusa, wato rabin abin da gona ke fitarwa wanda ba ya shiga tukunya, ya kamata a ce kujerarmu tana gaba, ba a bayan ƙofa ba.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Duk shinkafar da aka sauya wa halitta, kafin a sake ta, a ciyar da shanunmu na gida karanta da dusarta, bunaji da rahaji da gudali, a auna nono da ƙiba da haihuwa, a faɗa mana sakamako da harshen da muke ji. A gwada ta a ƙasar fadamunmu shekaru a jere, fili guda da garke ya kwana, fili guda da bai kwana ba, a ƙirga halittun ƙasa a ga wanne ya fi rai. Mun yarda a yi wannan gwaji ko gobe, domin mun san inda zai faɗi. A rubuta a jikin buhun iri da buhun dusa abin da ke ciki, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Kuma duk hukumar da ke raba iri da bashi ga manomin shinkafa ta sa masa sharaɗi: ba ƙona kara, ba toshe burtali, ba feshi a bakin mashaya.

Kafin hukuma ta motsa kuwa, ga abin da ke hannunmu. Ardo-ardo da shugabannin rassa kada su jira sai an fara yankan shinkafa. Tun tana fure a je a sami sarkin noma da mai unguwa, a zauna a yi magana a kan kara: gonar wa za a shiga, yaushe, kwana nawa, nawa za a biya in da biya, wa zai ɗauki ɓarna in an yi. A rubuta, a sa shaidu daga ɓangarorin biyu. A tambayi manomi sunan irin da ya shuka da ranar da ya yi feshi na ƙarshe, kuma kada a saki dabba a gonar da ba a sami amsa ba. Fataken da ke sayen angurya da harawa da dusa mota-mota su riƙa tambayar daga ina kaya suka fito. In dabba ta ci wani abu ta canza, a kira malamin dabbobi tun tana da rai, a ajiye samfurin abin da ta ci, a kai rahoto ga sakataren reshe da sunan gari da kwanan wata. 'Yan'uwa na nan Sabha da ke aika kuɗi gida, ku haɗa da wannan saƙo ga masu riƙe muku garke kafin kaka ta kama.